Jarka Ɗaya, Kwami Ɗaya: Yadda Malami Zai Fara Lambun Gida

Jawabin da kwamitin walwala na reshe ya gabatar a gaban malamai da iyalansu a Kakau, ƙaramar hukumar Chikun, a makon Ranar Malamai ta Duniya



An ɗora wa kwamitinmu nauyin yin magana a kan abin da zai rage wa malami raɗaɗin cefane, kuma bayan shawara muka tsaya a kan lambun gida. Dalilinmu ba ɓoyayye ba ne. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin dakon kaya ya hau kan kowane ƙullin alayyafo da kowane kashin tumatir. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa a watan Yunin 2024 hauhawar farashin abinci ya haura kashi 40 cikin ɗari. A watan Yulin shekarar aka sa hannu a kan dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, amma duk wanda ya shiga kasuwar Bakin Dogo ko ta Sabon Tasha da kwandon cefane ya san wanda ya riga wani isa tsakanin ƙarin albashi da ƙarin farashi. Daɗin daɗawa, shekarun rashin tsaro da ƙasar Chikun ta gani sun raba mutane da yawa da gonakinsu na nesa, har ya zama filin da ya rage wa wasunmu shi ne wanda ke cikin katanga.

Idan aljihu ya matse, ba tuwo ake fara ragewa ba, miya ake tsinkawa. Ganye ya ragu, tumatir ya koma ɗanɗano, ruwa da gishiri su cike gurbi. Yara za su ƙoshi, amma jikinsu ya rasa abin da ke gina jini da ƙarfafa gani da kare su daga cututtuka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa a kowace rana. Kowa ya auna wannan da abin da ke shiga tukunyar gidansa. Mu da ke tsayawa gaban allo mun fi kowa sanin yaron da miya ta gaza masa, domin a darasi na uku yake fara gyangyaɗi.

Abin da tarihi ya nuna

Kiran a koma lambu tsoho ne a ƙasar nan. A 1976 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa da aka fi sani da OFN, aka bukaci ma'aikata da makarantu su noma duk filin da ke bayan ɗaki. A 1980 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta zo da nata shirin na bunƙasa noma. A 2024 kuma uwargidan shugaban ƙasa, Sanata Oluremi Tinubu, ta shirya gasar lambu a kowane gida. Iyayenmu 'yan fansho da ke zaune a nan sun ga na farko da idonsu, za kuma su shaida cewa galibin lambunan da aka sare da kiɗa da shela ba su ga damina ta uku ba. Abin da ya wanzu shi ne 'yar garkar tsohuwa a bayan madafa: tushen zogale biyu, kuɓewa kaɗan, yakuwa a gindin danga, kabewa tana hawa rufin rumbu. Ba a taɓa ba ta lambar yabo ba, kuma ba ta taɓa mutuwa ba, saboda an yanka ta daidai ƙarfin mai ita.

A kan wannan darasi muka gina jawabinmu na yau. Sabon manomi yakan auna lambunsa da faɗin filin da yake da shi. Mu kuwa muna cewa a auna shi da abu biyu: ruwan da gida zai iya bayarwa kullum ba fashi, da mintocin da malami ke da su kafin a kaɗa ƙararrawar safe.

Lissafin ruwa

Bari malaman lissafi su taya mu. Ruwa mai zurfin milimita ɗaya a kan fili mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya daidai yake da lita ɗaya. A tsakiyar rani, musamman a Maris da Afrilu, rana da iska suna zuƙe kimanin milimita 5 zuwa 7 daga ƙasa da ganye a kowace rana. Ke nan kwami, wato ɗan fagen shuka da ake kewayewa da ƙasa domin ya riƙe ruwa, idan faɗinsa mita ɗaya ne, tsawonsa mita uku, zai sha lita 15 zuwa 21 a wuni. Wannan jarka ɗaya ce cur. Daga nan muka samo taken wannan jawabi: jarka ɗaya, kwami ɗaya. Mai rijiya a gida, wadda ba ta ƙafewa a bazara, zai iya yanka uku ko huɗu. Wanda ke sayen ruwa wajen 'yan garuwa ya tsaya a kan ɗaya, kuma ya lissafa kuɗin jarka talatin a wata kafin ya ɗaga fartanya, kada alayyafon gida ya fi na kasuwa tsada.

Sa'ar da muka yi ita ce, yawancin wannan ruwa yana cikin gidajenmu, kwata kawai yake bi. Ruwan wankin shinkafa da wake, ruwan ɗaurayar ganye, ruwan alwala, ruwan ɗauraya na ƙarshe na wanki wanda kumfa ta ƙare a cikinsa, duka shuka tana so. A ajiye bokiti ɗaya a bakin madafa, wani a wurin alwala. Ruwan da ke da omo mai yawa ko bilic ko maiƙo yana ƙona saiwa yana kashe ƙasa, ruwan kwata da na makewayi kuwa cuta ne ga mai cin ganyen, don haka a nisanta su da lambu. A yi ban-ruwa da sassafe ko bayan la'asar, a gindin shuka, a hankali. Idan aka rufe ƙasa da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa ko ɓuntun shinkafa, laima za ta daɗe, ciyawa ta ragu. Sai dai a riƙa ɗagawa ana dubawa saboda gara.

Wuri, shinge da ƙasa

A zaɓi wurin da rana ke haskawa aƙalla awa shida, wanda kuma ido ke kaiwa daga ƙofar ɗaki, domin abin da ba a gani kullum mantawa ake yi da shi. Inuwar mangwaro tana da daɗin zama, amma kayan lambu ba sa yi a ƙarƙashinta.

Kafin a sayi iri, a yi shinge. Muna nanata wannan domin yanzu kaka ta kama, da zarar an kawar da amfanin gona za a saki dabbobi, kuma akuya ɗaya tana share aikin wata guda kafin a idar da taron safe a makaranta. Karan dawa ko na masara, tsohuwar zana, buhunan da aka farke aka ɗinke, ko guntayen langa-langa, duka sun isa. Kaji da ƙadangaru su ne abokan gaban ɗanyen tsiro, maganinsu tsohon gidan sauro da ya yage. Muna roƙo da babbar murya, wanda ya yage muka ce, kada a cire wanda yara ke kwana a ciki.

Ƙasarmu ta wannan yanki ja ce a wurare da dama, ga tsakuwa da marmara, kuma idan ta bushe takan yi tauri kamar daɓe. A filayen sababbin gidaje kuma sau da yawa baraguzan gini ne a ƙarƙashi. A haƙa zurfin kamu ɗaya da rabi, a tsince duwatsu da leda da kwalabe, a farfasa hoge, sannan a zuba ruɓaɓɓen taki bokiti ɗaya ko biyu a kowace mita, a cakuɗa. Kalmar da za a riƙe ita ce ruɓaɓɓe. Ɗanyen kashin kaji daga gidan gona yana da zafi, yana ƙona tsiro, yana kuma ɗauke da ƙwayoyin cuta. A tara shi da kashin awaki da busasshen ganye da ɓawon kayan miya da toka kaɗan a rami, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa, har wata biyu ko fiye. Idan ya yi baƙi, ya daina wari da ɗumi, ya nuna.

Siffar fage tana bin yanayi. Da rani a yi kwami mai ɗan zurfi domin ya tare ruwa. Da damina, musamman lokacin marka a Agusta, a ɗaga kunya sama domin ruwa ya wuce, saboda saiwar da ta kwana cikin ruwa ruɓewa take yi.

'Yan'uwanmu da ke gidan haya, ko waɗanda tsakar gidansu siminti ne, ba a bar su a baya ba. Tsohon buhun shinkafa ko na taki, a wanke shi, a huda gindinsa da gefensa na ƙasa, a naɗe bakinsa, a cika shi da ƙasa kashi biyu da ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, a ƙara yashi idan ƙasar laka ce. Buhu ɗaya yana ɗaukar tushen tumatir ko attarugu ɗaya, ko kuɓewa biyu, ko alayyafo cike da bakinsa. Buhu ya fi ƙasa saurin bushewa, don haka yana son a duba shi safe da yamma. Alherinsa shi ne, ranar da aka yi wa malami canjin wurin aiki, lambunsa zai hau mota tare da katifa.

Me za a fara shukawa?

Kusan kowane sabon mai lambu da tumatir yake son farawa, domin shi ya fi cin kuɗin cefane. Muna ba da shawarar a bar shi zuwa zango na biyu, kamar yadda ba ma fara koya wa ɗan aji ɗaya rabawa kafin ya iya tarawa.

Aji ɗaya na lambu shi ne alayyafo. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, don haka a gauraya shi da busasshen yashi kafin a yafa, a rufe da ƙasa sama-sama, a yayyafa ruwa da gwangwanin da aka huhhuda. Cikin kwana uku zuwa biyar zai tsiro. Idan ya yi cunkoso a rage, abin da aka cire kuma ya shiga miya. Cikin mako huɗu zuwa biyar ya isa yanka. A yanke shi a bar kamu ɗaya daga ƙasa, zai sake tohowa, a koma bayan mako biyu, har sau uku ko huɗu. Dabarar da ke hana yankewar ganye ita ce a raba kwami uku, a shuka kashi ɗaya yau, na biyu bayan kwana goma, na uku bayan wasu goman. Ta haka ba za a wayi gari da ganyen da ya fi ƙarfin tukunya yau, gobe a rasa ba.

Tare da shi akwai rama da yakuwa, waɗanda ba su da fushi, suna jure ƙarancin kulawa. Lalo, wanda wasu ke kira ayoyo, irinsa yana da taurin kai: a ƙulle shi a tsumma, a tsoma cikin ruwan zafi kamar daƙiƙa goma, a shanya ya sha iska, sannan a shuka. Kuɓewa a jiƙa irinta kwana ɗaya, a sa ƙwaya biyu a rami, a bar tazarar kamu biyu. Tana fara 'ya'ya wajen wata biyu, kuma tana son a riƙa tsinka duk bayan kwana biyu ko uku, in an bar su suka ƙosa sai uwar ta rage haihuwa. Sai dai sanyin hunturu yana tsugunar da ita, ta fi son ɗumi. A kusurwa kuma a kafa zogale da shuwaka, dukansu suna kamawa daga reshe. Zogale idan ya kai ƙugu a datse kansa domin ya yi rassa, ganye ya tsaya inda hannu ke kaiwa. Waɗannan biyu za su yi shekaru suna ciyar da gida, ko a makon jarrabawa da ba mai waiwayarsu.

Wanda ya ci alayyafonsa sau biyu, ya ga shingensa ya tsaya, ruwansa bai yanke ba, shi ne ya isa shiga ajin tumatir da tattasai da attarugu. Lokacinsu ya yi daidai da inda muke, domin tumatir yana son sanyin dare na hunturu, tsananin zafin bazara kuma yana kakkaɓe masa fure. A yafa iri a ƙaramin fage ko tsohon kwano daga yanzu zuwa Nuwamba, a yi masa 'yar rumfa. Tumatir yana isa dashe bayan mako uku zuwa huɗu, attarugu da tattasai bayan biyar zuwa shida. A dasa da yamma, a ba da ruwa nan take, a kafa wa tumatir sanda. Irin Roma VF da UC82B sanannu ne a wajen manomanmu na rani. A sayi iri a rufaffen ƙunshi mai kwanan wata. Idan an ga alamar F1 a jiki, iri ne na aure, yana ba da yabanya mai kyau, amma ba a ajiye 'ya'yansa domin shukar baɗi. Mai neman ƙarin bayani, ba mu da nisa da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, wadda tushenta ya faro tun 1922, ga kuma malaman gona da malaman kimiyyar noma da ke cikin wannan ɗaki.

Ƙwari da magani

Dalilin da ya sa muka ce tumatir ba ajin farko ba ne, kowa a jihar nan zai tuna 2016. A shekarar ce tsutsar da masana ke kira Tuta absoluta, manoma kuma suka laƙaba mata suna sharon, ta cinye gonakin tumatir har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir a watan Mayu. Asalinta daga Kudancin Amurka ne, ta ɓulla a Sifen a 2006, kafin shekara goma ta iso mana. Tana shiga tsakanin fatar ganye ta yi hanya fara-fara, inda feshi bai cika kaiwa ba. A babbar gona bala'i ce, amma mai tushe goma yana da makamin da mai kadada goma ba shi da shi, wato ido da yatsa. A duba bayan ganye kowace safiya, wanda aka ga alama a tsinke a ƙone.

Ga darɓa da ƙananan tsutsotsi, dogon yaro ya wadatar. A daka busassun 'ya'yansa kimanin giram 50, a jiƙa cikin lita ɗaya ta ruwa ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulun wanki na sanda, a fesa da yamma, a maimaita bayan mako. Muna gargaɗi da kakkausar murya a kan fesa wa ganyen miya magungunan kashe ƙwari irin su Sniper, waɗanda hukumar NAFDAC ta sha jan kunne a kan amfani da su a abinci. Sinadarin da ke cikinsa ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya ƙasashenta a 2015. Abin da baƙo ya ƙi saya, bai kamata mu zuba wa 'ya'yanmu a kwano ba. Ganye mai 'yan huji da ka san tarihinsa ya fi mai sheƙi da ba ka san abin da ya sha ba.

Abin da muke roƙon reshe

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙunshin iri ɗaya ya fi ƙarfin gida ɗaya, don haka muna ba da shawara uku. Na farko, malaman kowace makaranta su haɗa kuɗi su sayi iri tare, su yi renon tumatir da attarugu wuri ɗaya, a raba dashe. Na biyu, a kowane taron reshe a ware teburi na musayar iri da rassan zogale da shuwaka, kyauta. Na uku, makwabta su yi yarjejeniyar ban-ruwa, domin hutun Kirsimeti da na Sallah, da makon da ake tafiya bita ko gyaran takardun jarrabawa, su ne lokutan da lambuna ke mutuwa.

Akwai iyaka ɗaya da mutuncin aikinmu ya shata. 'Ya'yanmu na gida su taya mu, su koyi auna tazara da ƙirga kwanaki, wannan tarbiyya ce. Amma ɗaliban da iyayensu suka damƙa mana amana ba 'yan ƙodagon malami ba ne. Kada a ji an tura yaro ɗebo ruwa ko kwasar taki zuwa gidan wani cikinmu da sunan darasin noma.

A ƙarshe, kada wani ya fita daga nan da zaton ƙungiya ta sauya fartanya da gwagwarmaya. Kwami ɗaya ba zai biya kuɗin haya ba, ba zai sayi buhun masara ba, ba zai maye gurbin ƙarin girma ko kuɗin hutu ko fanshon iyayenmu ba. Waɗannan haƙƙoƙi ne, za mu ci gaba da nemansu a teburin da ya dace da murya ɗaya. Abin da lambu zai yi shi ne ya tsare miyar yara a ranar ashirin ga wata, lokacin da albashi ya ƙare, wani bai zo ba. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, kuma malamin da tukunyarsa ke da ganye ya fi juriyar tsayawa a kan haƙƙinsa.

Damina tana ban kwana, ƙasa da sauran laima, karan shinge yana nan a gonaki. Wanda ya kafa danga a wannan Asabar, ya gyara kwami a mai zuwa, ya yafa alayyafo, zai ci miyarsa kafin a fara jarrabawar zangon farko. A taronmu na ƙarshen zango muna fatan kowa ya zo da ƙulli ɗaya daga gidansa, da bayanin abin da ya yi kyau da abin da ya ƙi, domin mu koya daga juna.

Allah ya sa albarka a abin da za mu shuka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.